Kuɗin Yaɓe

Ni ke riƙe da littafin gidan nan,
tsohon bene a bayan Birni,
ƙofa shida, murhu shida, rufi ɗaya.
Kowa ya san iyakar ɗakinsa,
ruwa ne kaɗai bai taɓa tambayar iyaka ba.

Tun farkon bazara nake bi ƙofa ƙofa,
jaka biyu biyu, kuɗin yaɓe.
Kiyari na sama ya ce ɗakinsa a bushe yake.
Gwamma ta ƙasa ta ce ba ita ke kwana kusa da gajimare ba.
Na rubuta sunayensu,
na bar gaban kowane suna fari fat.

Damagaram ke nan:
garin da muke bin ɗan garuwa da lallashi,
muna ƙirga jarka kamar ƙirgar sadaki,
mu ne kuma ruwa ke ci wa gida ta gindi.

Dubi bangon arewa.
Danshi ya hau shi har ƙugun mutum,
ya bar farin gishiri irin na rigar manomi.
Shekarun baya wani ya lulluɓe ƙasar da siminti,
ya ce an huta.
Simintin ya riƙe laima a ciki, kamar mai riƙon magana,
yau in ka ƙwanƙwasa, ganga ke amsa maka.

Nomau magini ya zo da tsaninsa a kafaɗa,
ya kara kunne a bango,
ya tura yatsa cikin tsaga, ya shige har gaɓa biyu.
Ya ce, "Indararon gabas a toshe yake.
Azara uku, gara ta sha cikinsu.
Gida ba ya faɗuwa rana ɗaya, Harisu,
sallama yake ta yi, ku ne ba ku amsawa."

Daren da hadari ya taso daga wajen Mirriya,
iska ta fara kaɗa kwanon maƙwabta,
sai ƙamshin ƙasa, sai sama ta buɗe baki.
Ruwa ya taru a rufi, ya rasa hanya,
ya bi ta ɗakin Kiyari, busasshen nan,
ya jiƙe keken ɗinki da yadin mutane,
ya silalo tsakanin azara
ya sami buhun geron Gwamma.
Ɗis. Ɗis.
Roba, tukunyar miya, butar alwala,
duk muka tara, kowace da muryarta.

Na hau rufi da tocila a baki,
na tarar Kiyari ya riga ni,
hannunsa cikin indararo har kafaɗa.
Ba wanda ya ce wa wani komai.
Sheƙar tattabara ya fara jawowa, sai leda,
sai wata ƙwallo da ɗana ya yi wa kuka shekara biyu da suka wuce.
Ruwa ya yi tsalle zuwa lungu
kamar akuyar da aka kwance wa igiya.

Da safe Gwamma ta kwance bakin zane,
jaka biyu, a jiƙe.
Na shanya su a kan littafin.

Yanzu yara na taka kwaɓi a ƙofar gida,
ƙasa da ƙaiƙayi har idon sawu,
makuba na jiƙe a cikin rabin tano.
Nomau na ɓamɓare simintin nan a hankali
don bango ya yi numfashi.
A ƙarƙashi muka ga zanen da,
tafin hannun wani magini da ba wanda ya san sunansa,
yatsu biyar, har yanzu a buɗe.

Suna biyar na soke.
Na shida na Lawali ne, yana Agadas tun bara waccan,
ɗakinsa da kwaɗo, wayarsa ba ta shiga.
Da dare ina kara kunne a ƙofarsa,
ina jin ɗigon yana biyan kansa a ciki,
ba roba, ba tukunya.

Gobe zan tambayi liman
ko halal ne a fasa kwaɗon maƙwabci
saboda bangon da muke jingina da shi mu duka.